Yadda Za Ka Rubuta Sanarwar Manema Labarai Da Wayarka, Taron Garinku Ya Fito A Jarida Da Rediyo

Kusan kowane mako akwai abin da ake yi a garuruwanmu. Yau musabaƙar Alƙur'ani ce a Jega, gobe wasan ƙarshe na gasar ƙwallon matasa a Maiyama, jibi taron manoman albasa a Aliero, ko aikin gayya a Jiga Birni. Idan lokaci ya matso, sai a samu mai iya Canva ya haɗa fasta mai launi, a watsa ta a zaurukan WhatsApp, kowa ya ɗora a sitatus. Bayan awa 24 sitatus ya ɓace. Bayan wata guda, in ka nemi labarin taron a Google ba za ka ga komai ba, kamar ba a taɓa yi ba.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Garin da ba ya ba da labarin kansa, ba a jin sunansa sai ranar da ambaliya ta ci gonaki, ko mota ta yi haɗari, ko 'yan siyasa sun zo kamfe. Haka kuma ranar da ƙungiyarku za ta nemi tallafi wurin ƙaramar hukuma ko wata gidauniya, abin da za a fara tambaya shi ne: me kuka taɓa yi, ina shaida? Labarin da jarida ta buga shaida ce da ta fi fasta ɗari nauyi.

A wannan darasi za mu yi bayanin yadda ake rubuta sanarwar manema labarai, daga kanun labari har zuwa turawa, ba tare da kwamfuta ba. Wayar da ke hannunka ta isa.

Mece ce sanarwar manema labarai?

Gajeren rubutu ne da ƙungiya ko hukuma ko kamfani ke aika wa 'yan jarida, an tsara shi da siffar labari, ta yadda edita zai iya bugawa ko mai gabatarwa ya karanta ba tare da wahalar gyara ba. Masana harkar hulɗa da jama'a na danganta farkonta da wani Ba'amurke mai suna Ivy Lee. A ranar 28 ga Oktoba, 1906, jirgin ƙasan kamfanin Pennsylvania Railroad ya kauce daga kan gada ya faɗa ruwa a Atlantic City, mutum fiye da 50 suka rasu. Maimakon kamfanin ya ja bakinsa ya yi shiru, Lee ya shawo kansa ya fitar da bayani a rubuce ga 'yan jarida, jaridar New York Times kuma ta buga shi yadda aka aiko.

A wurinmu ma aikin ba baƙo ba ne. Sankira ko mai shela da ke zagaya gari da saƙon sarki ba ya ɓata lokaci: wa ya aiko, me ake so, yaushe, a ina. Abin da ya sauya shi ne kasuwar da ake shelar ta koma cikin waya.

Amma ka bambanta abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Katin gayyata na kiran mutum ne ya zo taro. Talla ko sanarwar kuɗi fili ne da kake saya a rediyo ko jarida, a faɗi abin da kake so yadda kake so. Ita kuwa sanarwar manema labarai tayi ne: ga labari, in ya yi muku ku ɗauka. Ba sayen fili ka yi ba, don haka ba dole ne a buga ba. Duk dabarar tana wurin sa edita ya ga cewa abin da ka aiko labari ne, ba gayyata ba.

Su wa za ka aika wa?

Jega da Aliero da Maiyama ba su da nisa da Birnin Kebbi, kuma a can ne mafi yawan kafofin jihar suke. Akwai gidan rediyon jiha da gidan talabijin na jiha, akwai NTA, akwai Equity FM ta Rediyon Najeriya, akwai masu zaman kansu irin su Vision FM. A can kuma wakilan manyan jaridun ƙasa suke zaune, tare da wakilin Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, wato NAN. Muhimmancin NAN shi ne jaridu da gidajen rediyo da yawa na ɗaukar labarai daga wurinsa, labari ɗaya kan iya fitowa a wurare da dama.

Sai jaridun Hausa. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, masu karatun Hausa suke da nasu fili. A yau akwai Aminiya ta kamfanin Media Trust masu Daily Trust, akwai Leadership Hausa, akwai sassan Hausa na Premium Times da Legit, dukkansu suna da shafukan intanet da mutane ke karantawa a waya. Kada kuma ka raina shafukan Facebook na labaran Kebbi da 'yan yankin ke gudanarwa. Sau da yawa su ne za su fara ɗauka, daga nan ɗan jarida ya gani.

Shawara a nan ita ce ka fara daga kusa. Gasar ƙwallon unguwa ba lallai ta ja hankalin BBC Hausa ba, amma mai gabatar da shirin wasanni a Birnin Kebbi yana neman abin da zai cika shirinsa kowane mako. Ka saurari shirye-shirye, ka lura da wanda ke shirin noma, da mai shirin lafiya, da mai na matasa. A jaridu kuma ka duba sunan da ke saman labaran Kebbi, shi ne wakilinsu. Ka buɗe Google Keep ko kowace manhajar ajiye rubutu, ka jera sunan kafa, sunan shiri, imel da lambar da suka bayar da kansu. Kafofi goma da ka san abin da suke so sun fi ɗari da ka watsa wa saƙo a makance.

Ina labarin yake?

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka tambayi kanka: mutumin Argungu ko na Zuru da bai san kowa a garinmu ba, me zai sa ya tsaya ya karanta wannan? Bikin kamun kifi na Argungu ba ya buƙatar wannan tambaya, sunansa kaɗai ya isa. Taron garinku kuwa sai ka tono masa dalili.

Dalilin kan fito daga ɗaya cikin waɗannan. Ko abin sabo ne, ba a taɓa yi ba a yankin. Ko ya shafi mutane da yawa. Ko yana warware wata matsala da jama'a suka sani. Ko ya haɗu da wani babban batu da ake magana a kai. Misali, kowa ya san Aliero da albasa, kuma kowane manomi ya san ciwon ruɓewarta a wurin ajiya da faɗuwar farashi lokacin kaka. Idan manoma za su yi taro, "taron manoma" ba labari ba ne. "Manoman albasa za su koyi hanyar rage ruɓewa a rumbu" labari ne. Taron ɗaya ne, inda aka haska ne ya bambanta.

Zuwan babban baƙo shi kaɗai ba ya zama labari. Abin da jama'a za su samu shi ne labari.

Yadda ake gina ta

'Yan jarida na rubuta labari ne kamar dala da aka kifa: abu mafi nauyi a sama, mafi sauƙi a ƙasa. Dalili kuwa, idan fili ya yi kaɗan edita daga ƙasa yake yankewa. In ka ɓoye ranar taro a sakin layi na ƙarshe, da ita za a yanke. Ga tsarin daki-daki:

1. Kanun labari. Layi ɗaya, kalmomi takwas zuwa goma sha biyu, da aikatau a ciki. Wane ne zai yi me. Kada ka rubuta shi duka da manyan baƙaƙe.

2. Wuri da kwanan wata. Sunan gari, ƙaramar hukuma, jiha, sai ranar da ka aika sanarwar.

3. Sakin layi na farko. Nan za ka amsa tambayoyi: wa, me, yaushe, a ina, don me. Jimla ɗaya ko biyu. Wanda ya karanta nan kaɗai ya tsaya, ya riga ya san komai.

4. Ƙarin bayani. Yaya za a yi, su wa za su amfana, ko kyauta ne, me mutum zai zo da shi.

5. Magana daga bakin mutum. Jimla ɗaya ko biyu daga shugaban ƙungiya ko wanda abin ya shafa, da cikakken sunansa da muƙaminsa. Dole ya kasance ya faɗa, ko ka karanta masa ya amince.

6. Taƙaitaccen bayanin ƙungiya. Yaushe aka kafa ta, me take yi. Layi biyu.

7. Wanda za a tuntuɓa. Suna da lambar da za a ɗauka in an kira, da imel.

Duka kada ya wuce kalmomi 250 zuwa 350. A manhajar Google Docs ta waya, in ka taɓa ɗigo ukun nan na sama za ka ga wurin ƙidayar kalmomi.

Mu gwada da misali

Wannan misali ne na koyarwa kawai, ba wani taro na gaske ba. A ce matasan Jiga Birni za su yi dashen itatuwa. Ga yadda akasari ake farawa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a madadin shugabanni da ɗaukacin mambobin wannan ƙungiya mai albarka, ƙarƙashin jagorancin haziƙin shugabanmu, muna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki zuwa gagarumin taro irinsa na farko a tarihi."

Kalmomi kusan arba'in, amma har yanzu edita bai san me za a yi ba. Ga yadda ya kamata:

"Matasan Jiga Birni za su dasa itatuwa 300 a makarantu da maƙabarta

Jiga Birni, Ƙaramar Hukumar Aliero, Jihar Kebbi. Ƙungiyar matasan garin Jiga Birni za ta dasa itatuwa 300 a harabar makarantun firamare da maƙabartar garin ranar Asabar, kaza ga watan kaza, daga ƙarfe 8:00 na safe, domin samar da inuwa da rage ɓarnar iska a farkon damina."

Daga nan sai bayani: irin itatuwan, inda aka samo su, wanda zai riƙa ban ruwa bayan an dasa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ɗan jarida mai hankali zai tambaya, gara ka amsa tun kafin ya tambaya.

Ka lura babu "gagarumi", babu "haziƙi", babu "irinsa na farko". Lamba ta maye gurbinsu. Gaisuwa tana da wurinta, a saƙon da za ka rako sanarwar da shi, ba a cikinta ba. Jerin manyan baƙi kuma, uban taro da uwar taro da babban baƙo mai jawabi, ka taƙaita shi zuwa mutum biyu ko uku a ƙasa. Kada ka sa sunan wanda bai tabbatar da zuwansa ba.

Hattara da Jiga da Jega

Ga wata matsala da ta shafi wannan yanki musamman. Editan da ke zaune a Abuja ko Kano ya san Jega, ko don tsohuwar kasuwarta, ko don Farfesa Attahiru Jega da ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Idan ya ga "Jiga", abu ne mai sauƙi ya ɗauka kuskuren rubutu ne ya mayar da shi "Jega". Idan ya ga "Birni", yana iya zaton Birnin Kebbi ake nufi. Ga kuma Jiga Maƙera a ƙaramar hukuma ɗaya da Jiga Birni. Ita kanta Aliero, a wasu takardu "Aleiro" ake rubutawa.

Maganin abin shi ne ka rubuta cikakken adireshi a karon farko: gari, ƙaramar hukuma, jiha. Ka zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshe. In ya kama, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa Jiga Birni daban take da garin Jega. Sannan ka haɗa da alamar wuri ta Google Maps: ka danne daidai wurin a taswira har jar alama ta fito, ka kwafi adireshin ka liƙa. Ɗan jaridar da zai taso daga Birnin Kebbi ba sai ya yi ta tambaya a tasha ba.

Haka sarautu da muƙamai. Sarkin Kabin Jega ba Sarkin Kabin Argungu ba ne. Hakimi daban, dagaci daban, mai unguwa daban. Kuskure ɗaya a nan na iya jawo wa ƙungiya fushin da zai fi labarin daɗewa. Ka tambayi na kusa da mai sarautar yadda ake rubuta sunansa.

Saita wayarka don rubutun Hausa

Babban abokin gabar mai rubutun Hausa a waya shi ne gyaran kai-tsaye na allon rubutu, wanda ke mayar da kalmomin Hausa zuwa Turanci ba tare da ka lura ba. In kana amfani da Gboard, ka shiga saitinsa, ka je wurin harsuna, ka ƙara Hausa. Da ita za ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Waɗannan ba ado ba ne. "Kasa" daban, "ƙasa" daban. "Dan" daban, "ɗan" daban. Mai karanta labarai a rediyo da abin da ya gani yake aiki.

Ka rubuta a Google Docs ko WPS Office ko manhajar ajiye rubutu, ba kai tsaye a akwatin WhatsApp ba, inda yatsa kan zame saƙo ya tafi rabi. Amfanin Google Docs shi ne kana iya ba sakatare da shugaba dama su duba su gyara a fayil ɗaya, maimakon kwafi biyar suna yawo ba a san na ƙarshe ba. In za ka aika wa jaridun Turanci, ka rubuta musu nasu daban, ka tabbata lambobi da sunaye sun zo ɗaya a duka biyun.

Kuskure mafi yawa: tura hoton rubutu

Mutane da yawa kan buga sanarwa a takarda mai tambarin ƙungiya, su sa hannu, su ɗauke ta hoto su tura. Wasu kuma fasta kawai suke turawa. Ka tuna shi ma ɗan jaridar a waya yake aiki, kuma yana da labarai da yawa a gabansa. Rubutun da zai danne ya kwafa cikin daƙiƙa biyu shi zai fara ɗauka. Wanda sai ya sake bugawa da hannu zai jira, wataƙila har taron ya wuce.

Saboda haka ka liƙa rubutun a jikin imel ko saƙon WhatsApp ɗin kansa. In kana son nuna cewa daga ƙungiya ya fito, ka haɗa da takardar mai tambari a matsayin PDF, amma ƙari ce, ba madadi ba.

Hotuna

Gani ya kori ji, kuma shafukan intanet ba sa son buga labari babu hoto. Ka goge gilashin kyamara, ka juya wayar a kwance, ka tsaya rana tana bayanka. Ka ɗauki mutane suna aiki: hannu cikin ƙasa, yaro yana karatu, manomi riƙe da albasa. Hoton manya zaune a rumfa shi ne wanda kowa ke turawa, shi ne kuma wanda ba ya jan ido. In taron bai zo ba tukuna, hoton shirye-shirye ko na wurin da za a yi aikin ya wadatar.

WhatsApp na matse hoto don rage cin data, ingancinsa ya ragu. Tun 2023 akwai maɓallin HD da ke rage wannan matsala, amma hanya mafi kyau ita ce ka taɓa alamar haɗa fayil, ka zaɓi Document, ka ɗauko hoton daga can. Zai tafi yadda kyamara ta ɗauke shi. Sai dai ka sani, hoton da aka tura haka na iya ɗauke da bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi in kyamararka na ajiye wuri. In a cikin gida aka ɗauka, ka kashe wannan a saitin kyamara.

Hoto biyu ko uku sun isa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, in ya wuce sai ya koma ta Google Drive. Kowane hoto ka rubuta masa bayani: su wane ne daga hagu zuwa dama, me suke yi, wa ya ɗauka. Kada ka sa tambari ko rubutu a kan hoton. Hoton yara da mata da marasa lafiya kuma sai da izini.

Turawa da lokacinta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jaridar da ke fita mako-mako tana rufe shafukanta kwanaki kafin ranar fitowa, don haka ka aika kwana goma zuwa mako biyu kafin taro. Rediyo da shafukan intanet, kwana biyar zuwa bakwai, sai ɗan tuni saura kwana ɗaya. Safiyar ranar aiki ta fi dare. Gmail na da tsarin ajiye saƙo ya tafi da kansa a lokacin da ka zaɓa, kana iya rubutawa da dare ka saita shi ƙarfe 8:00 na safe.

A imel, kanun labarin shi ne taken saƙo, ka ƙara sunan jiha. In mutane da yawa za ka tura wa, ka sa adireshinsu a layin Bcc don kada kowa ya ga na kowa. A WhatsApp, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da ƙungiyarku a layi ɗaya, sai sanarwar. Kada ka tura "Salam" ka zauna jiran amsa. Kada ka jefa ɗan jarida cikin zauren da bai nema ba. Ka kuma sani saƙon Broadcast ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, saboda haka tura wa kowa daban ya fi. Saƙon da ke ɗauke da alamar an yi ta turawa daga hannu zuwa hannu ba ya samun daraja, ka kwafa ka liƙa sabo.

Bayan kwana biyu kana iya kira sau ɗaya ka ji ko ya shiga. Sau ɗaya.

Kada ka manta da rediyo

A ƙauyukan Aliero da Jega da Maiyama, dattijon da kake so ya zo taro ya fi kusa da rediyo fiye da Facebook. Rubutun kunne kuma daban yake da na ido. Ka fitar da gajeren kwafi: jimloli gajeru, babu gajarta suna, a ambaci rana da wuri sau biyu. Ka buɗe agogon waya ka karanta da ƙarfi. In ya wuce daƙiƙa 40, ka rage. Duk inda numfashinka ya ɗauke, jimlar ta yi tsawo.

Ka haɗa da muryar shugaban ƙungiya ta daƙiƙa 20 zuwa 30. A ɗauka a ɗaki mai shiru, a kashe fanka, waya ta yi nisan kamu ɗaya daga baki. Ya fara da sunansa da muƙaminsa. Murya mai tsabta na sauƙaƙa wa gidan rediyo aiki sosai.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira

ChatGPT da Gemini da Meta AI na iya taimaka maka wajen tsara jimloli ko rage tsawo, musamman a kwafin Turanci. Amma ba su san taronku ba. In ka bar musu giɓi za su cike shi da abin da ya yi kama da gaskiya: suna, lamba, har da maganar da shugabanku bai taɓa faɗa ba. Hausarsu ma wani lokaci fassara ce tsagwaronta. Ka ba su bayanan da ka tabbatar, ka hana su ƙari, sannan ka bi layi-layi. Duk abin da ya fita da sunan ƙungiyarku, ku za a tambaya, ba manhaja ba.

Kuɗi, doka da amana

Gidajen rediyo da jaridu suna da farashin talla da na sanarwa, kuma hakkinsu ne. In kana son tabbacin a karanta saƙonka a lokaci kaza, ka je ofishin talla ka biya ka karɓi rasit. Labari kuwa, ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar wani abu don ya buga ko ya danne shi. Ka san wanda kake nema a cikin biyun tun farko.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. In mutum 80 suka zo, kada ka rubuta 500. Ɗan jaridar da ya kama ka sau ɗaya ba zai ƙara buɗe saƙonka ba. Kada kuma ka mayar da sanarwa filin zargin wani da suna. Dokokin ɓata suna na aiki a kan abin da aka rubuta a waya, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. In lokaci ko wurin taro ya sauya, ka sanar da duk wanda ka tura wa nan take.

Bayan taro

Nan ne mafi yawa ke sakaci, alhali nan ne damar ta fi girma. Jaridu da yawa sun fi son abin da ya faru a kan abin da za a yi. A ranar, kafin dare, ka sake rubuta sanarwar da abin da ya auku: nawa aka dasa, wa ya ci gasar, me aka yanke. Ka haɗa da hotuna mafi kyau ka tura. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, labarin da ya kwana uku ya huce.

In an buga, ka yi godiya, ka yaɗa adireshin shafin jaridar maimakon kwafe rubutunsu. Ka buɗe jaka a Google Drive ka riƙa adana adireshin kowane labari, da hoton shafin, da muryar da aka sa a rediyo. Bayan shekara biyu wannan jaka ta zama tarihin ƙungiyarku, ita za ku nuna wa duk wanda ya ce ina shaida.

In kuma ba a buga ba, ba faɗuwa ba ce. Ka ɗora sanarwar a shafin ƙungiya, ka duba inda za a gyara, ka sake aikawa a taro na gaba. 'Yan jarida na riƙe sunan wanda ke aiko musu da rubutu mai tsabta da lambobin da ba sa tashi.

Kafin ka danna tura, ka duba waɗannan: sakin layi na farko ya faɗi wa, me, yaushe, a ina? Rana da kwanan wata sun dace da kalanda? Sunan gari ya zo da ƙaramar hukuma da jiha? Sunaye da sarautu daidai suke? Wanda aka ambato maganarsa ya amince? Ana iya kwafe rubutun? Lambar da ka sa a kunne take? In duka amsar e ce, bismillah, ka tura.